Ƙaramin Jirgi Na Hannu: Doguwar Hanya Daga Amurka Zuwa Mando

Mutanen Unguwar Shanu ba baƙin ƙarar jirgin sama ba ne. Duk wanda ya tashi a wannan yanki, daga Abakpa zuwa Unguwar Kanawa har Kurmin Mashi, kunnensa ya san bambancin rugugin jirgin yaƙi da gurnanin ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin wanda yakan kewaya da hantsi, ya sauka, ya sake tashi, ya kuma kewayowa. Na ɗaliban soja ne masu koyon tuƙi a sansanin sojojin sama na Mando. Yara kan ɗaga kai su bi shi da kallo, manya kuwa sun daina tun tuni. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, da wuya ka nuna ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da ke shawagi a sararin Kaduna ka ce na Alhaji wane ne. Na soja ne, ko na makaranta, ko na kamfani.

Abin da mamaki, don ba kuɗi aka rasa ba. Garin nan yana da masu dawakin folo, kuma a kasuwar Amurka akwai tsofaffin jirage masu kujera huɗu, lafiyarsu ƙalau, waɗanda farashinsu bai kai na wasu jif-jif ɗin da ke bin titin Ali Akilu ba. Samfurin Cessna 172 kaɗai, tun daga 1956 an ƙera sama da guda 44,000, kuma da yawansu suna nan suna tashi suna sauya hannu. Jirgin yana cin wajen kilomita 200 a awa, wato daga Kaduna zuwa Sakkwato bai cika awa biyu ba, tafiyar da mai mota yake ɓata wuni a kanta, gabansa yana faɗuwa. To me ya hana?

Kada ma a ce tsufan jirgin ne abin gudu. Tarihin jirgin sama a Kaduna cike yake da kayan hannu. Lokacin da aka kafa rundunar sojojin sama a 1964, Jamusawan Yamma ne suka riƙe ragamar horo, shugaban rundunar na farko ma nasu ne, Kanar Gerhard Kahtz. Ƙananan jiragen da suka zo da su, Piaggio 149 da Dornier 27, daga rumbun sojojin Jamus suka fito, kuma a kansu matuƙanmu na farko suka koyi aiki. Kamfanin Kabo na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, da na marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi a nan Kaduna, da jiragen hannu suka yi ta jigilar fasinja da alhazai. Abin da ya ɓata wa tsohon jirgi suna shi ne hatsarin 4 ga Mayun 2002, ranar da jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa daga Kano, sama da mutum 100 suka rasu. Bayan haka ne gwamnati ta dakatar da wannan samfurin, ta kuma sa ƙa'idar hana shigo da jirgin fasinja da ya haura shekara 22. Tun daga nan jama'a suka ɗauka shekaru su ne ma'aunin lafiyar jirgi. Masu sana'ar ba haka suke auna shi ba.

Takarda ake saye

Bakano ko Bakaduna da ya saba sayen mota ta hannu a Kwatano ya san tsarin: ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa a tayar da inji ya saurara, ya dubi hayaƙi, dillali ya sa baki, a yi ciniki. A jirgi duk wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ba. Kowane jirgi yana da kundin tarihinsa, har guda uku: na gangar jiki, na inji, na farfela. Tun ranar da ya fito daga masana'anta, duk wanda ya taɓa shi da sifana sai ya rubuta kwanan wata, da awannin da jirgin ya yi a sama, da abin da ya kwance, da abin da ya ɗaura, sannan ya sa hannu da lambar lasinsa. In ka buɗe kundin jirgin da aka ƙera a shekarun 1970, za ka tarar da shafukan farko sun yi ja, rubutu da tawadar biro iri-iri, hannun mutanen da wasunsu sun daɗe da barin duniya, can gaba kuma ƙananan takardun kwamfuta da aka manna. Mai saye na ƙwarai yakan zauna ya bi su shafi-shafi yana neman giɓi. Shekara uku babu rubutu? Ke nan jirgin ya zauna, injin da ya zauna kuwa tsatsa tana cinsa ta ciki. An canza farfela da ƙafar gaba rana ɗaya? Ke nan an taɓa dungura shi, sai a binciki ko an buɗe injin bayan haka. In kuwa kundin ya ɓata gaba ɗaya, darajar jirgin ta zube, ko da fentinsa yana ɗaukar ido.

Injin ma da awa ake lissafa shi. Irin na Lycoming da ke kan yawancin waɗannan jirage, masu ƙera shi sun ce a yi masa garambawul in ya kai kamar awa 2,000, ko shekara 12. Kuɗin garambawul ɗin yakan kai wani babban kaso na kuɗin jirgin kansa. Saboda haka jirage biyu masu kama ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, sai ka ga tazarar farashinsu ta kai ta gida, don ɗaya injinsa ya yi awa 300, ɗayan ya yi 1,900. Wanda ya ga araha a intanet ya yi rawar jiki, yawanci na biyun ya gani.

Sai inda jirgin ya yi rayuwarsa. Wanda ya zauna a busasshiyar Arizona ba ɗaya yake da wanda ya sha iskar gishiri a gaɓar Florida ba. Shi ya sa ba a biyan kuɗi sai an ɗauki injiniya mai zaman kansa, ba na mai sayarwa ba, ya kwance murafen fukafukai ya haska tocila a ciki, ya auna ƙarfin kowace silinda, ya yanka matatar baƙin mai ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Kuɗin kuma ba a tura wa mai jirgi kai tsaye. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su riƙe kuɗi amana, su bincika ko akwai bashin banki a wuyan jirgin, sai komai ya daidaita su saki. Da yawansu suna birnin Oklahoma, don a can ne rajistar jiragen Amurka take.

Ta sama ko ta ruwa

An saya. Saura kawo shi, kuma hanya biyu ce.

Ta farko, a tuƙo shi. Akwai matuƙan da sana'arsu ke nan, ƙetare teku da ƙananan jirage. Tankin Cessna 172 bai wuce ya kai shi kilomita dubu da 'yan kai ba, don haka akan cire kujerun baya a dasa ƙarin tanki a cikin ɗakin, matuƙi ya zauna da man jirgi a bayan ƙeyarsa, sanye da rigar roba mai hana sanyin ruwa kashe mutum, kwale-kwalen hurawa a gefensa. Sanannar hanyar ita ce ta arewa: Goose Bay a Kanada, Narsarsuaq a Girinlan, Reykjavik a Aislan, Wick a Sikotlan. Daga nan a gangaro Faransa da Sifen da Maroko. A da ana iya yanko Sahara ta Tamanrasset da Agadas a faɗo Kano. Yanzu rashin tsaro da siyasa sun sa wannan hanya ta yi wuya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma jiragen da ke zuwa Najeriya sun daɗe a cikin takunkumin. Wanda ya zaɓi bin gaɓar teku ta Dakar da Abijan da Akara, kowace ƙasa sai ya nemi izinin ratsawa da na sauka, kuma kafin ya tashi daga kowane zango sai ya tabbatar akwai irin man da yake sha a zango na gaba.

Ta biyu, a kwance shi. A zuƙe mai, a cire fukafukai biyu da jela da farfela, a naɗe su da soso, a kafa su a katako a jikin bangon kwantena mai ƙafa 40, a turo gangar jikin a tsakiya a ɗaure. Kowane ƙusa da noti a sa a leda a rubuta inda aka ciro shi. Wannan ta fi sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali, har zuwa ranar da kwantena ta iso Apapa ko Tin Can. Daga nan kowace rana ta jinkiri kuɗin ajiya ne. Ga kuma titi: fiffiken jirgi fallen alminiyom ne siriri, in igiya ɗaya ta saki tsakanin Jebba da Mokwa, an yi asarar da walda ba ta gyarawa. Tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a Janairun 2018 an yi ta ne don irin wannan, a fito da kaya a Kaduna maimakon Legas, amma amfaninta ya rataya ne a kan zirga-zirgar jirgin ƙasa, wadda ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ofis-ofis

Mai hankali ba ya bari jirgi ya baro can kafin ya gama da nan. Ana buƙatar amincewar Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, da tantancewar jami'an tsaro, da na hukumar NCAA mai kula da lafiyar jirage, wadda takan duba jirgin da takardunsa kafin ta yarda a shigo da shi. Daga can kuma sai hukumar Amurka ta ba da shaidar cewa jirgin lafiyayye ne a ranar fitarsa, ta soke tsohuwar lambarsa mai farawa da N, don jirgi ba ya ɗaukar rajistar ƙasa biyu. Sannan a ba shi ta Najeriya mai farawa da 5N, a haɗa shi a gareji mai lasi, a gwada shi a sama, a ba shi shaidar cancantar tashi. In na amfanin kai ne, akwai wani izini daban na tashi ba don haya ba. Ga Form M na banki, ga harajin kwastam, wanda aka yafe wa kamfanonin jigilar fasinja amma ba a yafe wa mai jirgin kansa ba. Ga inshora.

Wannan doguwar hanya ce ta sa manyan masu kuɗi suka ɓullo da dabara: su bar jirgin da lambar waje, su shigo da shi a matsayin baƙo na ɗan lokaci, baƙon ya shekara goma. Hukumar kwastam ta kira masu jiragen alfarma tantancewa a 2021, ta sake kira a 2024, duk a kan wannan. A 2024 ɗin ne kuma NCAA ta dakatar da izinin wasu da aka samu suna haya da jiragen da suka ce na kansu ne. Ba laifi a ce hukuma ta yi aikinta. Illar ita ce, dokokin an tsara su ne da attajiri mai jet a zuciya, sai ya zama malamin tuƙi da ke son ƙaramin jirgi mai kujera biyu zai bi kusan layin da mai jirgin biliyoyi yake bi, alhali shi ba shi da lauya da wakili a Abuja.

Canjin kuɗi kuwa ya ƙara dagula lissafi. A ce jirgin dala 100,000 ne. A 2015, da canjin gwamnati na wajen naira 197, bai kai miliyan 20 ba. Bayan an saki naira a 2023 har dala ta haura 1,500, ya koma miliyan 150, kafin a yi maganar jigila. Kuma kowace taya, kowane fulogi, kowace matata, da dala za a saye ta har ƙarshen rayuwar jirgin.

Shuɗin mai

Duk da haka, in ka tambayi masu gyaran jirage abin da ya fi kashe ƙananan jirage a Arewa, mai za su fara ambata. Manyan jirage kananzir na musamman suke sha, Jet A1, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi. Ƙaramin jirgi mai fistin fetur yake sha, amma ba na gidan mai ba. Sunansa Avgas, ana rina shi shuɗi don kada a rikita shi da wani. Kowace safiya kafin tashi, matuƙi yakan tsuguna a ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi mai haske, ya tsiyayo kaɗan, ya ɗaga shi sama ya duba: launin ya zama shuɗi-shuɗi, ƙamshin ya zama nasa, kuma kada a ga ƙwayar ruwa ta kwanta a gindin kofin. Wannan mai daga waje ake kawo shi a durom, yana da tsada, yakan yanke, kuma Cessna 172 tana shan sama da lita 30 a awa. Mutum zai iya sauka a filin jirgi mai dogon titi da hasumiya da komai, a ce masa babu ko ɗigo.

Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta ɗanɗana wannan. Shekaru tana horo da jiragen Tampico da Trinidad na Faransa da Baron na Amurka, duk masu shan Avgas, kuma yankewar man tana cikin abubuwan da suka riƙa tsawaita wa ɗalibai karatu. Maganin da ta samo shi ne sauya jirgi gaba ɗaya: ta koma sayen Diamond DA40 da DA42 na ƙasar Ostiriya, masu injin dizal da ke shan Jet A1. In makarantar gwamnatin tarayya ta kai ga haka, mai niyyar sayen tsohuwar Cessna ya kamata ya fara da tambayar inda zai sami mai kafin ya tambayi farashin jirgi. Ana iya sauya wa wasu tsofaffin jiragen inji zuwa na dizal, wasu kuma suna da izinin shan fetur ɗin mota mai tsabta, sai dai na farkon yana da tsada, na biyun kuwa yana buƙatar fetur ɗin da aka tabbatar ba a gauraya shi ba.

Abin da aka taɓa yi a tsohon filin jirgi

Akwai hanya ta uku, wato a ƙera jirgin a gida maimakon a sayo na hannu, kuma a nan Kaduna aka gwada ta. A tsohon filin jirgi na Mando akwai kamfanin AIEP, wanda daga baya ya zama Dornier Aviation Nigeria AIEP, ana taƙaita shi DANA. Ba shi da alaƙa da Dana Air na Legas, kodayake mutane suna yawan haɗa su. A ƙarshen shekarun 1980, da jiragen horo samfurin Bulldog na Birtaniya suka fara gajiya, sai aka ɗauko zanen RV-6A na kamfanin Van's da ke jihar Oregon, wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu gefe da gefe wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa. Aka yi masa gyare-gyare don aikin soja, aka raɗa masa suna Air Beetle, ya fara tashi a 1989, rundunar sojojin sama ta yi odar guda 60. 'Yan Najeriya ne suka zauna a rumfar suna jera fallayen alminiyom, suna huda su, suna buga dubban ƙananan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya da bindigar bugu a waje, ɗaya da ƙarfen tokare a ciki.

Matuƙa da dama sun fara tashi a kan Air Beetle. Amma an tsaya a mai saye ɗaya. Ba a mayar da shi jirgin makarantu ko na farar hula ba, ba a ci gaba da ƙera sababbi ba, a hankali waɗanda ake da su suka riƙa komawa rumfa. Daga ƙarshen 2016 aka fara kawo Super Mushshak daga Pakistan, guda 10, don su karɓi aikin. A ganina babbar asarar ba ta jiragen ba ce, ta hannayen da suka ƙware ce. Garin da ke da kasuwar ƙere-ƙere ta Panteka da kwalejin fasaha ta sojojin sama, garin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi na Tsaigumi a cikinsa a 2018, bai kamata a ce mai ƙaramin jirgi yana fargabar wanda zai yi masa binciken awa 100 ba. A Kano ma, a 2007, ɗalibin Jami'ar Bayero Mubarak Muhammad Abdullahi ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkace, ya ɗaga daga ƙasa, duniya ta yi ta labari, daga nan shiru.

Sama ma ba kullum take buɗe ba. Yawancin masu ƙananan jirage da ido suke tuƙi, ƙa'ida kuma ita ce su iya hangen aƙalla kilomita 5. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar Bodele ta taso daga Chadi, akan wayi gari ba a ganin kilomita ɗaya, kuma ƙurar tana shiga inji tana cin silinda in matatar iska ba ta da kyau. A bazara zafi yana rage wa iska kauri, Kaduna kuma tana kan tudu sama da mita 600, sai jirgin da ke tashi da mutum huɗu a ƙasar sanyi ya nemi a rage masa ɗaya. Da damina hadarin gabas yana tasowa da la'asar, gaba ɗaya kamar bango. Ga kuma zato. Tun da aka fara raɗe-raɗin jirage suna kai wa 'yan bindiga makamai a daji, har gwamnati ta haramta shawagi a sararin Zamfara a Maris ɗin 2021, duk ƙaramin jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a kan ƙauye abin tuhuma ne. A Maris ɗin 2022 'yan bindiga sun kai hari har harabar filin jirgin Kaduna. A irin wannan yanayi, ba a ga laifin jami'in da ya yi jinkirin sa hannu ba.

To wa ya kamata ya saya? Ba mai neman a gan shi ba, don shi jet yake so. Masu buƙatar gaske suna nan. Matashin da ya gama Zariya ko Ilori da lasi a aljihu amma awanninsa ba su kai kamfani ya ɗauke shi ba, yana buƙatar jirgi mai arha da zai tara awa a kai. Yanzu irinsu Afirka ta Kudu ko Amurka suke tafiya su biya da dala. Manoman shinkafa da gero a Kebbi da Jigawa da Yobe, duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko, jiran jirgin feshi suke yi, sau da yawa kuma yakan iso bayan an gama ɓarna. Akwai masu auna filaye, da masu duba layin wuta da bututu, da asibitocin da ke nesa da kwalta.

Lissafin ƙaramin jirgi yana da wata ɗabi'a: yawancin kuɗinsa ana biya ne ko ya tashi ko bai tashi ba. Inshora, kuɗin rumfa, binciken shekara, sabunta takardu, duk ba ruwansu da ko farfela ta juya. Jirgin da ke tashi awa 40 a shekara kowace awa tana fitowa da tsada ƙwarai, injinsa kuma yana lalacewa da zama. Wanda ke yin awa 400 ya fi arha a kowace awa, ya kuma fi lafiya. Shi ya sa a ƙasashen da abin ya kafu, da yawan ƙananan jirage ba na mutum ɗaya ba ne: mutum biyar ko goma ke haɗa kuɗi, ko ƙungiya ta saya ta riƙa ba mambobi haya da awa, su ɗauki injiniya ɗaya, su yi odar mai tare. 'Yan kasuwar Kaduna da suka saba haɗa hannu su cika kwantena daga Guangzhou ba sa buƙatar a koya musu wannan tsari. Jirage uku iri ɗaya a rumfa ɗaya za su iya ciyar da injiniya, su sa dillalin mai ya ga ribar kawo durom har Mando. Guda ɗaya tilo ba zai iya ba.